Tsofaffin Waƙoƙi A Sabon Majigi

Cikin shekarun nan wata sana'a ta bunƙasa a Ingila da Amurka, wadda ya kamata masu karatun wannan jarida su san labarinta, domin ko ba daɗe ko ba jima za ta yi mana sallama. Sana'ar kuwa ita ce a tattara tsofaffin waƙoƙin da mutane suka tashi da su tun suna samari, a ƙaga wani labari a zuba waƙoƙin nan a cikinsa, a yi wasan kwaikwayo da su a dandali gaban jama'a. In wasan ya karɓu, ya shekara biyar ko goma ana yinsa zaure cike, sai masu sinima su saye shi su mai da shi fim, a kai shi ko'ina cikin duniya. Yawancin waƙoƙin da a ke wannan aiki da su na irin kiɗan nan ne da Turawa ke kira rok, watau kiɗan jita mai lantarki da ganguna masu ƙara, wanda ya tsiro a Amurka cikin shekarun 1950, ya yi ta tashe har shekarun 1980. Samarin da suka yi rawarsa yau sun yi furfura, suna da kuɗin shiga kallo, suna kuma begen zamanin ƙuruciyarsu. Su ne kasuwar wannan haja.

Mai karatu na iya cewa, ina ruwan biri da gada? Me ya haɗa malamin makaranta a Bici da abin da a ke yi a Landan? Abin da ya haɗa su shi ne, mu ma muna da tsofaffin waƙoƙi masu daraja, muna kuma da masu yin fim a Kano waɗanda kullum su ke neman abin da zai jawo 'yan kallo. Ranar da waɗannan biyu za su haɗu tana nan tafe. A ganinmu haɗuwar alheri ce in an bi ta hanyarta, hasara ce kuwa in an yi ta da ka. Hanyar kuma daga dandalin ƙauye da farfajiyar makaranta za ta taso, inda waƙa ta ke da masu amsa ta, kafin ta isa ofishin mai fim.

ABIN DA YA FARU GA TURAWA

Bari mu ɗauki misali uku. Na fari shi ne wasan da a ke kira Mamma Mia!, wanda aka buɗe a Landan cikin watan Afrilu na 1999. An gina shi bisa waƙoƙin ABBA, wasu mawaƙa huɗu 'yan ƙasar Suwidin, maza biyu mata biyu, da suka yi zamani daga 1972 zuwa 1982. Kiɗansu ya fi na rok laushi, amma hanyar aikin ɗaya ce. Wata marubuciya mai suna Catherine Johnson ta zauna ta auna kalmomin waƙoƙin, ta ƙaga labarin wata uwa da 'yarta a jajibirin aure a wani tsibiri na ƙasar Girka, har kowace waƙa ta zama kamar maganar da ɗan wasa zai faɗa ko da ba a rera ta ba. A 2008 aka mai da shi fim. Matar da ta shirya wasan dandalin, Phyllida Lloyd, ita ta shirya fim ɗin, kuma mazan nan biyu da suka tsara waƙoƙin suna cikin masu kula da aikin. An kashe wajen dala miliyan 52, aka samu fiye da dala miliyan 600. A cikin shekarar kuma suka fito da wani bugu na fim ɗin wanda aka rubuta kalmomin waƙa a ƙasan hoto, don 'yan kallo su riƙa rerawa tare a cikin sinima.

Na biyu shi ne Rock of Ages, wanda aka gina bisa waƙoƙin rok na shekarun 1980, irin na ƙungiyoyin Journey da Bon Jovi. An fara shi a Los Angeles a 2005, aka kai shi unguwar wasanni ta Broadway a birnin Niyok a 2009, aka yi ta yinsa har watan Janairu na 2015, fiye da sau 2,300. A dandali akwai wani ɗan wasa mai ba da labari, wanda kan juyo ya yi magana da 'yan kallo, ya zolaye su, ya zolayi wasan kansa, su kuwa suna ta amshi da shewa. Da aka zo yin fim a 2012, sai aka ɗauko manyan 'yan wasa irin su Tom Cruise, aka zubar da aikin mai ba da labarin nan, aka gyara labarin ya zama santala. An kashe dala miliyan 75, abin da aka samu a gidajen sinima na duniya duka bai kai miliyan 60 ba.

Na uku shi ne Jersey Boys, labarin rayuwar wasu mawaƙa huɗu da a ke kira Four Seasons. Ya zauna a Broadway daga 2005 har 2017. Clint Eastwood, tsohon gwani a sana'ar fim, ya mai da shi fim a 2014, amma fim ɗin bai yi ko kusa da tashen da wasan ya yi ba.

Ba mu ce dalili ɗaya ne kaɗai ke sa fim ya ci kasuwa ko ya faɗi ba. Amma wanda ya dubi misalan nan da idon basira zai lura da abu guda. Waƙar da ta cika zaure, ta cika shi ne don 'yan kallo su ne rabin wasan. Sun san waƙar tun kafin su shigo, suna jiran inda za su karɓa. Fim kuwa hoto ne a jikin farin ƙyalle, ba ya jin shewa, ba ya dakatawa don dariya ta lafa. Wanda ya samo dabarar mayar wa jama'a da rabonsu ya ci riba. Wanda ya ɗauka sunan waƙa da sunan ɗan wasa sun isa, ya kwana a ciki.

YADDA WAƘARMU TA KE RAYUWA

In haka abin ya ke ga Turawa, to, a gare mu ya fi haka ninki. Waƙar Bahaushe ba ta taɓa zama ita kaɗai ba. Tana da mai ita, tana da wanda aka yi wa, tana da 'yan amshi, tana da lokacinta da wurinta. Mutanen ƙasar Bici sun fi kowa sanin wannan. Ƙasa ce ta gonaki gab da gab, daga Badume zuwa Saye zuwa Ɗanzabuwa da wuya ka ga fili ba shuka, gero da dawa da gyaɗa da wake. A irin wannan ƙasa aka san kiɗan gayya, inda makaɗi kan bi samari da gangar noma, ya kama sunan kowa da na ubansa, ya zuga wanda ya yi gaba, ya yi wa na baya habaici, saran garma yana tafiya daidai da bugun ganga. In ka raba waƙar nan da kunya da garma da rana, ka sa yaro mai farar shadda ya rera ta a gindin fure, me ya rage? Sauti ya rage, waƙa ta tafi.

Haka waƙoƙin mata su ke, na niƙa da na daka da na daɓe, da kiɗan ƙwarya na amada ranar suna ko biki. Kowace da aikin da ta ke ɗauke wa nauyi. Haka kuma waƙoƙin fada. Bici ta san sarauta ƙwarai, domin Sarkin Kano Abdullahi Bayero a nan ya yi hakimci yana Ciroma kafin ya hau gadon sarauta a 1926, ɗansa Muhammadu Sanusi ma a nan ya yi nasa kafin 1953. Waƙar kotso ko ta taushi a ƙofar fada, sarki na zaune, fadawa na gyara kintsi, sanƙira na fassara kirari, wani abu ce dabam da waƙar da a ke ji a akwatin rediyo.

Manyan mawaƙanmu ma haka suka yi sana'arsu. Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, a tsaye ya kan ƙaga waƙa, kalangai na tashi, 'yan amshi na riƙe masa gindin waƙa, shi kuwa yana duban taro yana saka sunan wanda ya ga dama. Saboda haka waƙa ɗaya ba ta fita iri ɗaya sau biyu a bakinsa. Abin da ke cikin faifai ko kaset, yadda ta fito ne a rana ɗaya tak. Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo da 'yan karɓinsu su ke saƙa waƙa, wannan ya ɗauko wancan ya ƙarasa. Ko Ɗanmaraya Jos, wanda shi kaɗai ya ke tsayawa da kuntiginsa, dariyar jama'a ita ce amshinsa.

Har wa yau, haɗa waƙa da wasan kwaikwayo ba Turawa suka koya mana ba. Tashe da yara ke yi daga goma ga watan azumi wasan kwaikwayo ne mai waƙa, kowane da shigarsa da amshinsa da darasinsa. Kalankuwa da samarin karkara kan yi bayan an kau da amfanin gona, su naɗa sarakunansu da alƙalansu, da wasan gauta na matan fada, duk daga rijiya ɗaya aka ɗebo su. Ashe kayan aikin suna gida.

HANYAR BA BAƘUWA BA CE

Hanyar da ta tashi daga dandali ta faɗa fim, ita ma an taɓa bin ta a ƙasar nan. Dattawan karkara suna tune da motar majigi da kan zo ƙofar gidan hakimi da dare ta nuna Baban Larai, don koyar da noman zamani. A birnin Kano an buɗe sinimar Rex a 1937, aka buɗe Palace a 1952, daga baya fina-finan Indiya suka mamaye su da waƙoƙinsu. A ƙasar Yarabawa, Hubert Ogunde ya shekara fiye da talatin yana yawo gari gari da wasanninsa masu kiɗa da waƙa kafin ya fitar da fim ɗin Aiye a 1979. Da ya fitar kuwa, jama'ar da ta san shi a dandali ita ta bi shi sinima. A nan Arewa, littafin Shehu Umar na Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa, Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mai da shi wasan kwaikwayo, sa'an nan Adamu Halilu ya mai da shi fim a 1976. Fim ɗin Hausa na farko na kaset ɗin bidiyo a Kano, Turmin Danya na 1990, ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ce ta yi shi.

Akwai kuma wani misali da ya kamata ya sa mu tsaya mu yi tunani. Fela Anikulapo Kuti ya rasu a 1997. Mutanen Amurka suka ɗauki waƙoƙinsa da labarin rayuwarsa suka yi wasan dandali mai suna Fela!, suka buɗe shi a Broadway a 2009, ya ci lambobin yabo, sai a 2011 aka kawo shi Ikko 'yan Nijeriya suka biya kuɗi suka kalla. Sun shirya zauren wasan kamar gidan kiɗansa na Ikko, 'yan kallo suka zama kamar taron da ya kan tara. Sun yi aiki mai kyau. Amma abin tambaya shi ne, sai mun jira baƙo ya zo ya yi wa Shata haka, sa'an nan mu sayi tikiti mu ga namu?

Masu fim na Kano sun yi abin a yaba musu. Sun buɗe wa matasa masu yawa hanyar abinci, sun kai harshen Hausa gidajen da littafi bai shiga ba, kuma tun daga fim ɗin Sangaya na 1999 sun tabbatar cewa Bahaushe yana son waƙa a cikin fim. Sai dai yawancinsu gwadaben Indiya suka bi, saurayi da budurwa suna zagaya lambu, fiyano na kwaikwayon kalangu, waƙar kuwa ko an cire ta labarin ba ya rasa kome. Tun da aka kafa Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano a 2001, mafi yawan ja-in-ja tsakaninta da masu fim a kan wannan rawa da waƙa ya ke. Kayan aro ba ya rufe katara. Abin tsoro shi ne, ranar da suka waiwayo kan tsofaffin waƙoƙinmu, su zuba su cikin wannan mazubi na aro, su ɗauki amshin Ɗanƙwairo su ba saurayi ya yi wa budurwa a lambu.

SHARUƊƊA UKU

Saboda haka muna kawo sharuɗɗa uku ga duk mai niyyar wannan aiki.

Sharaɗi na fari, labari ya fito daga cikin waƙa, kuma waƙa ta zauna a mazauninta. Ba mu da ƙarancin labari. Waƙoƙin da Muhammadu Bawa Ɗan Anace ya yi wa Shago ɗan dambe, da karonsa da Ɗandunawa, labari ne cikakke mai mafari da tsakiya da ƙarshe, fagen dambe kuwa dandali ne tun asali. Waƙar Karen Mota ta Ɗanmaraya ta isa a gina wasa a kanta, na yaron da ya bar gona ya bi mota, da abin da ya gani a tasha. Waƙoƙin Hajiya Barmani Coge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, a kan zaman kishi da sana'ar mata, sun isa su ɗauki labarin gida guda da matansa. A irin waɗannan labaru, mai ganga zai buga ta a gona, mai ƙwarya a tsakar gida, mai kalangu a fage, 'yan amshi kuma su fito a hoto da fuskokinsu. Mai kallo a sinima ko a wayar hannu zai ga taron da ke karɓa, bakinsa kuma zai bi nasu.

Sharaɗi na biyu, a fara gwadawa gaban mutane masu rai. Duk wasannin Turawan nan da muka ambata sun shekara da shekaru a dandali kafin kyamara ta taɓa su. A nan ne marubuci ke gane inda jama'a ke dariya, inda su ke hamma, da waƙar da ba ta zauna ba. In aka yi wasan gayya a farfajiyar makaranta a Bici, akwai tsoho cikin taro wanda ya yi gayya da hannunsa, zai ce wannan ba haka a ke buga ta ba. Wannan gyara ba a sayensa da kuɗi, kuma in fim ya riga ya fita ba sauran damar yinsa.

Sharaɗi na uku, a biya masu haƙƙi. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 ta tsare wa mawaƙi waƙarsa muddin ransa, sa'an nan magadansa har shekara 70 bayan ƙarshen shekarar da ya rasu. Watau waƙoƙin Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, suna da masu su har ƙarshen 2061, na Shata har ƙarshen 2069, na Barmani har ƙarshen 2083. Waƙoƙin gargajiya kuwa da ba a san wanda ya fara su ba, doka ta sa izninsu a hannun hukumar haƙƙin mallaka ta ƙasa ga duk mai son cin riba da su. A wasannin Turawa ba a rera ɗango ɗaya sai an yi yarjejeniya a rubuce. Mu kuwa mun saba ganin waƙar mutum tana yawo a kasuwa da tasha da wayoyi, 'ya'yansa ba su san an yi ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Al'adar makaɗa kanta ta nuna mana adalci, domin in an tashi daga wasa a kan raba abin da aka samu, mai kalangu da ɗan amshi kowa da rabonsa. Yarjejeniyar fim ma ta tuna da su da iyalansu.

MASU SUKA

Mun san akwai masu ja da wannan magana, kuma ba mu raina hujjarsu ba. Wasu malamai za su ce tsofaffin waƙoƙin nan ba duka ne na kirki ba, akwai batsa, akwai kirarin mashaya, akwai yabon da ya wuce kima. Gaskiya ne. Amma mai shirya wasa zaɓe ya ke yi, kamar yadda malami ke zaɓen abin da zai karanta wa aji. Cikin waƙoƙin mawaƙi ɗaya akwai na noma, da na neman ilmi, da na zumunci, da na tsoron Allah, sun ishi wasa goma. In masu hankali suka nade hannu, marasa hankali ne za su yi zaɓen.

Wani abin lura kuma shi ne zambo. Mawaƙan fada da na fage sun yi wa mutane zambo mai zafi, wasu da suna, wasu da kamannin da kowa ya gane. Mutanen nan sun rasu, amma jikokinsu suna nan, wataƙila cikin ajin da malami ke koyarwa. Abin da aka faɗa sau ɗaya a ƙofar fada iska ta ɗauke, in aka sa shi a fim ya zauna ke nan har abada. Muna ganin a bar irin wannan a ma'ajiyar masu bincike, kada a tayar da tsohuwar gaba don neman dariya.

Wasu kuma za su ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, a bar Shata da muryarsa, kada wani yaro ya ɓata. Mun yarda babu mai maye gurbin muryar nan. Amma waƙar da ba mai rera ta, kaset kaɗai ke riƙe da ita, ranta a hannun ƙura da zafi ya ke. Yaran da aka haifa bayan 1999 yanzu su ne iyayen yara. In ba a ba su dalilin komawa ga faifan asali ba, ba za su koma ba. Bayan fim ɗin Mamma Mia! jikokin masu sauraron ABBA sun koma neman tsofaffin faifan, wasan ya zama ɗan jagora zuwa ga asali.

AIKIN DA KE GABANKU

To, jama'a, saura aiki, kuma ku malaman makaranta da akawunan ƙananan hukumomi, magadan kujerun malaman En'e na da, a wuyanku ya rataya. Ku kuka iya alƙalami, ku ke kuma zaune tare da mutane. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun da injin huɗa da maganin feshi suka shigo gona gayya ta ja baya, injin niƙa ya kashe waƙar dutse, siminti ya kashe ta daɓe. Waɗanda suka riƙe waƙoƙin nan a ka tsofaffi ne, kowace damina kuma ana rasa wasu.

Abu na fari, kowace mazaɓa a yi rajistar makaɗa da mawaƙanta, da taimakon dagatai da masu unguwanni, a rubuta sunan mutum, da irin kiɗansa, da wurin wanda ya koya. Wannan aikin akawu ne, littafi ɗaya ya ishe shi. Abu na biyu, malami ya ɗauki wayarsa ya je ya yi sallama, ya nemi izni, ya ɗauki waƙar da muryar mai ita, in da hali a wurin da a ke yin ta. Ya rubuta kalmomin yadda aka faɗe su, kada ya gyara wa tsoho Hausarsa. Ya sa kwanan wata da sunan gari da sunayen 'yan amshi. Waƙoƙin cikin gida kuwa malamai mata su za su shiga su ɗauko, da yardar masu gida. Abu na uku, kada a bar abin a waya ɗaya, domin waya na faɗawa ruwa, ana kuma sace ta. A kai kwafe ɗakin karatu na kwalejin horon malamai ta tarayya da ke Bici, a ajiye wani a ofishin ilmi na ƙaramar hukuma, a ba mai waƙar nasa.

Abu na huɗu, kowace makaranta ta shirya wasa ɗaya a shekara, da kaka bayan an shigar da amfani, wanda aka gina bisa waƙa uku ko huɗu na yankinta. A gayyato makaɗan gari su buga da kansu, yara su yi amshi, iyaye su zauna su yi gyara. Wasan da ya fi kyau a gunduma a kai shi Bici, wanda ya fi a Bici a kai shi Kano. Sa'ad da mai fim ya zo neman labari, zai tarar da wasan da ya riga ya sha gwaji, da waƙoƙi a rubuce, da sunayen masu haƙƙi a littafi. Abu na biyar, in ranar nan ta zo, kada a bar tsoho ya dangwala hannu a takardar da bai san abin da ke ciki ba. Akawu ya karanta masa da Hausa gaban shaidu, a faɗi ko nawa ne, da ko har yaushe, da wanda zai karɓa bayan ransa.

Ga hukuma kuma muna da roƙo. Gidajen rediyo na Kaduna da Kano sun daɗe suna ɗaukar muryoyin mawaƙa, na Kaduna tun 1962. Ya kamata a juye abin da ke ma'ajiyarsu zuwa na'urorin zamani, a yi masa jerin sunaye, a buɗe wa malamai da marubuta ƙofa bisa ƙa'ida. Hukumar tace fina-finai kuma, ban da duban tufafi da rawa, ta riƙa tambayar takardar iznin magada kafin ta sa hannu a fim ɗin da ya ɗauki waƙar wani.

Turawa sun ɗauki waƙoƙin shekara talatin ko arba'in sun mai da su dukiya, waɗanda suka kiyaye masu amshi da masu haƙƙi suka ci riba, waɗanda suka yi gaggawa suka yi hasara. Mu da ke da waƙoƙin kaka da kakanni ba mu da uzuri. Da tsohuwar zuma a ke magani, amma sai an adana ta a tulu mai murfi. Allah ya ji ƙan mawaƙanmu da suka riga mu gidan gaskiya, ya ba na raye lafiya, ya sa mu fara aikin nan tun masu waƙar suna da bakin faɗa mana yadda ta ke. Amin.